Hoton duwatsun ado: yadda ake ɗinke abin da ke cikin rai a kan ƙyalle

Idan an ce duwatsun ado, abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne jigida, ko sarƙar amarya, ko tsakiya da murjanin da kaka ke ajiyewa a ƙasan adaka. A wasu wurare an kai aikin gaba da haka. Ana ɗinke ƙyalle kaf da ƙananan duwatsun gilashi har ya zama hoto, a rataye shi a gidan adana kayan fasaha, kuma abin da hoton ke faɗa shi ne asalin mai aikin da abin da ke ci masa rai.

A Kanada, Nadia Myre, 'yar ƙabilar Algonquin, ta ɗauki shafuka 56 na dokar nan ta 1876 da gwamnati ta yi don juya rayuwar 'yan asalin ƙasar, ta rufe su da duwatsu a farkon shekarun 2000. Fararen duwatsu suka maye gurbin haruffa, jajaye suka cike sauran shafin, kuma sama da mutum 200 suka taya ta ɗinkin. Ruth Cuthand, 'yar ƙabilar Cree, ta ɗinka siffar ƙwayoyin cututtukan da Turawa suka kai nahiyar Amurka, irin su agana da ƙyanda, kamar yadda ake ganinsu a madubin likita. Ta yi su da duwatsu masu ɗaukar ido a kan baƙin fili, saboda duwatsun gilashi da cututtukan hanyar fatauci ɗaya suka biyo. A lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, matan Ubuhle, ƙungiyar da Ntombephi Ntobela da Bev Gibson suka kafa a 1999, suna cike baƙin yadi da duwatsun ƙasar Cek, suna kiran aikin ndwango. Babba guda yakan ci sama da wata 10, wasu kuma an yi su ne don tunawa da 'yan ƙungiyar da suka rasu. A Osogbo ta jihar Osun, Jimoh Buraimoh ya ɗauko dabarar daga rawanin duwatsu na sarakunan Yarbawa ya mai da ita hoto tun shekarun 1960.

Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ƙarfinsa ya dogara ga iya zane. Ƙarfin yana cikin shawarar da aka yanke: wane launi, wane girma, layukan ina suka dosa, ina aka bari ba a cike ba. A kan haka za mu bi matakan yin hoto guda mai santimita 15 a tsaye da 15 a kwance. Wannan girman ya isa a faɗi magana, kuma bai kai wanda zai sa mai koyo ya gaji ya jefar ba.

Tsayar da magana kafin a je kasuwa

Ka rubuta abin da kake son faɗa a jimla ɗaya. “Asalina” ko “ƙaunar uwa” ba su isa ba, sun yi faɗi, kuma abin da suke haifarwa shi ne hoton zuciya ja da kowa ya riga ya gani. Jimlar da za ta yi aiki ita ce mai kama da: an rushe gidan da aka haife ni an gina shaguna, ina jin harsuna biyu amma a kowane gari baƙo ake ɗauka ta, tsagar da ke fuskar kakata ba wanda ya gaje ta a cikinmu.

Daga jimlar sai ka fitar da siffa guda ɗaya tak. Tana iya zama taswirar lungun unguwarku, ko zankon soron gida, ko sa hannun mahaifi da aka kwafo daga tsohuwar takarda, ko layukan tsagar gado ba tare da fuskar ba, ko aska takwas ta babbar riga, ko wani yanki na zanen lalle. Wanda ba ya son yin hoton abu mai rai bai yi asarar komai ba, domin duwatsu sun fi dacewa da siffofi da layuka fiye da fuska. Fuskar mutum a santimita 15 ma wahala ce kawai, ido ɗaya ba zai samu fiye da duwatsu kaɗan ba.

Bayan siffa sai doka, kuma nan ne aikin ke samun nauyi. Doka ita ce ƙa'idar da ka ɗora wa kanka, wadda mai kallo zai iya ganowa ko a gaya masa a taƙaice. Misali layi ɗaya ga kowane ɗan ɗaki, na wanda ya rasu ya tsaya a rabi. Ko launi ya riƙa dusashewa daga dama zuwa hagu. A aikin tunawa da matan 'yan asalin Kanada da Amurka da suka ɓace ko aka kashe, wanda Christi Belcourt, wata mai zane 'yar Kanada, ta yi kira a kansa a 2012, an tara saman takalman gargajiya sama da ƙafa 1,700 da aka ɗinka wa duwatsu, da gangan aka ƙi haɗa su su zama cikakkun takalma. Rashin ƙarasawar shi ne saƙon. Doka ɗaya ta wadatar. In ka haɗa uku a hoto guda, sai kowacce ta danne 'yar'uwarta.

Wajen aron zane a yi hattara. Dabarar ɗinki ta kowa ce, amma wasu zanuka suna da masu su. Rawanin duwatsu mai labulen fuska na sarakunan Yarbawa ne, zanukan wasu ƙabilun Amurka kuma na iyalai ne ko na ibada, har akwai dokar 1990 a Amurka da ta hana sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba. Haka kuma kada a ɗinka ayar Alƙur'ani a kan abin da za a saka a jiki a shiga ko'ina da shi, ko wanda za a iya yasarwa a ƙasa.

Kayan aiki da lissafinsu

Duwatsun da ake bukata su ne ƙananan nan na gilashi da masu shago ke kira bid. Lambarsu a juye take: gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar dutse. Lamba 6/0 ta kai kusan milimita 4, lamba 8/0 kusan milimita 3, lamba 11/0 kusan milimita 2, lamba 15/0 kusan milimita ɗaya da rabi. Jikin aikin da 11/0 ake yi. Ana riƙe 15/0 don toshe ƙananan gibi da kusurwoyi masu tsini, 8/0 kuma don wurin da ake son ya ɗago.

Na Japan, wato na kamfanonin Miyuki da Toho, sun fi daidaito kuma hudarsu ta fi faɗi, allura tana iya bi sau da yawa. Na ƙasar Cek, irin su Preciosa, sun ɗan fi zama a baje, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu yana ba aikin rai idan layi ya lanƙwasa. Masu arha da ake aunawa a leda a kasuwa suna yi, amma sai an tsince: a zuba a faranti a fitar da masu kauri, da sirara, da masu toshewar huda, kuma a sa rai za a yar da kaso mai yawa. Kada a haɗa 11/0 na kamfanoni biyu a layi ɗaya, lambar ɗaya ce amma girman ba ɗaya ba ne.

Ga lissafin. Santimita ɗaya na layin 11/0 yana cin duwatsu kusan 7, kuma layuka kusan 5 ke shiga santimita ɗaya, wato duwatsu 30 zuwa 35 a kowace murabba'in santimita. Hotonmu yana da murabba'in santimita 225, don haka zai ci duwatsu wajen 7,500. Giram ɗaya na 11/0 yana ɗauke da kusan 110, ke nan giram 70 ake bukata. A sayi 85 zuwa 90, a raba bisa yawan filin da kowane launi zai ci. Launin da zai cike bango a saye shi gaba ɗaya lokaci guda, domin in ya ƙare aka koma shago, wanda za a samu zai iya ɗan bambanta, kuma a fili mai faɗi bambancin ba ya ɓuya.

Allura ta musamman ce, siririya mai ƙaramin ido: lamba 10 ga 11/0, lamba 12 ga 15/0. A sayi fakiti, suna lanƙwashewa kuma suna karyewa. Zare na nailan da aka yi don duwatsu, irin su Nymo mai lamba D ko One-G, shi ne daidai. In babu, zaren keken ɗinki na foliyesta mai ƙarfi yana yi idan an ninka shi biyu an goge shi da kakin zuma. Zaren auduga yana ruɓewa, gefen gilashi kuma yana cinye shi. Igiyar kamun kifi mai santsi ba ta kwanciya, ƙullinta ma warwarewa yake yi.

Ƙyallen da za a ɗinka a kai dole ya yi tauri. Felt, wato yadin da ake matse gashi ko zare a yi shi ba tare da saƙa ba, mai kaurin milimita 1 zuwa 2 ya yi, ko yadin kanfas da aka manna wa farin yadin nan mai gam da teloli ke sa wa kwalar riga, ninki biyu, da dutsen guga. A yanke shi santimita 25 da 25 don a samu rarar santimita 5 a kowane gefe. Sauran kayan: ƙaramin almakashi mai tsini, filaya, alli ko farin fensir, takarda mai shara-shara, tawul mai gashi ko guntun karan-miski da za a zuba duwatsu a kai kada su gangara, da fitila mai farin haske.

Launi, da gwajin da bai kamata a tsallake ba

Babu wata ma'anar launi da ta game duniya. Fari na biki ne kuma na likkafani ne, ja yana iya zama farin jini ko jinin kansa. Abin da ke aiki shi ne launin da ke da tarihi a wurinka: shuɗin baba na zanen uwa, ruwan ƙasa na katangar gida, koren ƙofar da aka sani. A tsaya a launi uku zuwa biyar, ɗaya ya mamaye fiye da rabin fili, ɗaya kuma ya zama ɗan kaɗan ƙwarai don ido ya sauka a kansa.

Yanayin fatar dutse ya kai launi muhimmanci, wani lokaci ma ya fi. Dutse marar sheƙi yana shanye haske, wurin ya yi shiru ya ja baya. Mai azurfa a cikin huda yana walƙiya ya yi tsalle gaba. Wanda haske ke ratsawa kuwa yana ɗaukar launin abin da ke ƙarƙashinsa da na zaren da ke cikinsa, shi ya sa ja mai ratsa haske a kan baƙin ƙyalle yake komawa kamar busasshen jini. In ana son hakan to madalla. In ba a so, a shafa wa wurin farin fenti na akirilik, a bari ya bushe kafin ɗinki. Za a iya yin hoto guda da baƙi zalla, rabi mai sheƙi rabi marar sheƙi, siffar ta fito sai an matsa gefe an kalla. Ga maganar da mutum ba ya son faɗa da ƙarfi, wannan dabara tana da kyau.

Gwaji biyu ake yi. Na farko na zubar launi: wasu duwatsun, musamman ruwan hoda mai kauri da shunayya da masu ruwan zinare, rini ne aka shafa musu a waje. A jiƙa kaɗan a ruwan sabulu mai ɗumi na kwana ɗaya, a murza wasu da farin ƙyalle mai ɗan danshi, a bar wasu a taga su sha rana mako biyu. Wanda ya canza a ajiye shi. Na biyu na haske da duhu: a jera launukan a kan ƙyallen, a ɗauki hoto da waya a mai da shi baƙi da fari. Launuka biyu da suka zama toka iri ɗaya a hoton za su narke cikin juna idan an tsaya daga nesa, ko da a kusa ja ne da kore.

Daga nan a ɗinka ɗan gwaji mai santimita 3 da 3 a duba agogo. Lokacin da ya ci a ninka shi sau 25, shi ne kimanin lokacin da hoton zai ci.

Sauke zane a kan ƙyalle

A zana siffar a girmanta na gaske a takarda mai shara-shara. Duk layin da faɗinsa bai kai milimita 2 ba, ko a kauranta shi ko a cire, domin dutse ɗaya ba ya rabuwa. A kan zanen a ja ƙananan kibiyoyi da ke nuna inda layukan duwatsu za su dosa a kowane yanki. Sai a ɗora takardar a kan ƙyalle a kama ta da ɗinkin wucin gadi mai faɗi, a ɗinka layukan iyaka ta cikinta, a yage ta bayan an gama su. Wanda ya fi son zana kai tsaye ya yi da alli ko farin fensir, kada ya yi da biro, tawadarsa tana bin zare ta shiga cikin duwatsu masu haske. In kanfas ne a ɗaure shi a firam ɗin katako ya yi tsam. Felt mai tauri ana iya riƙe shi a hannu.

In akwai wani abu na gado da za a saka, kamar maɓallin rigar mahaifi, ko ƙwayar tsakiya guda, ko tsohon kobo mai huda, shi ake fara kafawa. Mai huda a bi ta hudarsa sau huɗu ko biyar. Marar huda a manna shi da ɗan gam a tsakiyar bayansa, a bari ya kwana, a zagaye shi da layin 8/0 a matse, sannan layin 11/0 a bayansa.

Ɗinkin kansa

A yanki zare kamar mita ɗaya. In ya fi haka sarƙewa yake yi, kuma yawan bi ta ƙyalle yana cinye shi. A ja shi da hannu biyu ya miƙe, domin nailan da ba a ja ba yana saki daga baya layuka su yi sako-sako. A goge da kaki sau biyu, a ƙulla ƙarshensa, a fito daga bayan ƙyalle.

Ɗinkin da ya fi amfani shi ne na komawa baya. A ɗebi duwatsu 4, a tura su har gindin zare, a kwantar da su a kan layin zane. A soka allura a tsaye daidai bakin dutse na huɗu, ba ƙarƙashinsa ba, ba kuma da tazara ba. A fito ta baya tsakanin na biyu da na uku, a sake bi ta cikin na uku da na huɗu, a ɗebi wasu 4. A layi miƙaƙƙe ana iya ɗiban 6 a koma ta 3. A lanƙwasa mai tsanani a rage zuwa 2 a koma ta 1. Idan layin ya ƙare, a mayar da allura ta cikin dukkan duwatsun layin daga farko zuwa ƙarshe ba tare da taɓa ƙyalle ba, a ɗan ja. Wannan zagayen na biyu shi ke daidaita layi ya kwanta sumul, kuma masu koyo da yawa ba su san da shi ba.

Wurin soka allurar shi ne kusan dukkan sirrin. In ta shiga kusa da yawa, duwatsun sun rasa wurin zama, sai layi ya yi doro. In ta yi nisa, zare ya bayyana. Dabarar ita ce a tura duwatsun da farcen babban yatsa su haɗu ba tare da matsi ba, a sa allura inda suka tsaya da kansu.

Na biyu shi ne ɗinkin allura biyu, wanda masu ɗinkin furanni na 'yan Métis na Kanada da wasu ƙabilun arewacin Amurka suka shahara da shi. Allura ɗaya tana ɗauke da dogon jerin duwatsu, ta biyu tana fitowa daga ƙasa tana haye zaren farko bayan kowane dutse 2 ko 3 tana kama shi da ƙyalle. Ya fi ba da layi mai santsi a kan lanƙwasa, don haka shi ya dace da sa hannu ko rubutu ko zanen lalle. Wahalarsa zarurrukan biyu suna son naɗe juna, sai a riƙa soke allurar farko a gefen ƙyalle ana ajiye ta.

Na uku shi ne wanda ƙabilun filayen tsakiyar Amurka, kamar Lakota, suke rufe manyan filaye da shi. Ana ja layuka biyu a jere, a riƙa ɗiban duwatsu 7 zuwa 9 ana haye tsakaninsu da ɗinki ɗaya, kowane jeri kusa da na baya. Da yake tsakiyar jerin ba a kama take ba, filin yana fitowa da tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Yana da sauri, amma in jeri ya wuce duwatsu 9 ko 10 sai ya riƙa reto yana kama abubuwa.

Tsarin bi: iyakoki tukuna, sai wurin da ake son ido ya sauka, sai a cike daga iyaka zuwa ciki, bango a ƙarshe. Tsakanin layi da layi a bar ɗan sarari kamar kaurin zare. Kowane zare in ya kusa ƙarewa, saura kamar santimita 10, a kai shi baya a ƙulla a jikin ɗinkin da ke nan, a sake bi ta duwatsu kaɗan kafin a yanke.

Inda layuka suka dosa

Dutse kwance yake a gefensa, haske kuma yana bugunsa gwargwadon yadda ya kwanta. Saboda haka fili biyu masu launi ɗaya, ɗaya layukansa a tsaye ɗaya a kwance, za su fito kamar launi biyu. Da wannan ake sarrafa yanayin hoto.

Layuka miƙaƙƙu a kwance, dutse iri ɗaya, suna ba da natsuwa, in sun yi yawa har su kai ga nauyi da kaɗaici. Layukan da ke zagaye wani abu zobe bayan zobe suna jan ido zuwa gare shi, kuma suna sa a ji ana tsaronsa ko an kasa daina tunaninsa. Layukan da ke fita daga tsakiya zuwa waje suna da ƙarfi da hayaniya. Gajerun jeri na duwatsu 3 zuwa 5 da aka watsa kowanne da inda ya fuskanta suna ba da rashin kwanciyar hankali, sai dai suna cin lokaci kuma suna barin ƙananan gibi da za a toshe da 15/0. Inda filaye biyu masu alkibla daban suka haɗu, wani layi yana bayyana da kansa ko ba a ɗinka shi ba. Mai maganar harsuna biyu ko garuruwa biyu zai iya gina hotonsa gaba ɗaya a kan wannan mahaɗar, da launi ɗaya tak.

Don launi ya narke cikin wani, a haɗa su a ƙananan murafe uku: kashi uku da ɗaya, rabi da rabi, ɗaya da uku. A ɗinka layuka uku ko huɗu daga kowane murfi, ana ɗiba ba tare da zaɓe ba. Da zarar an fara zaɓe da ido, hannu yana komawa jera su ɗaya bayan ɗaya, sai tsari ya fito inda ake son hazo.

Wurin da aka bari ba duwatsu shi ma ɗinki ne, amma sai an nuna da gangan aka bar shi. A zagaye shi da layi mai tsabta, ƙyallen da ke ciki ya zama mai kyan gani, ko a shimfiɗa guntun atamfa ko saƙi na wanda ake tunawa a wurin tun kafin a fara. In an bar gefensa barkatai, mai kallo zai ɗauka duwatsu ne suka ƙare.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Tattarewar ƙyalle ita ce ta fi yawa. Sababinta biyu ne: jan zare da ƙarfi, ko cusa layi a wurin da bai ishe shi ba. In saura gibin da bai kai faɗin 11/0 ba, a sa 15/0, ko a bar shi, daga nesa ba ya ganuwa muddin launin ƙyalle ya yi kusa da na duwatsu. Ƙaramar tattarewa tana gyaruwa: a kifa aikin a kan tawul, a ɗan fesa ruwa a bayansa, a ja gefuna a kafe su da fil a kan allo, a bari ya bushe. Kada a ɗora dutsen guga mai zafi, yana narka nailan kuma yana fasa gilashi. Babbar tattarewa sai warwara.

Dutsen da ya shiga layi bisa kuskure ba sai an warware layin ba. A soka allura mai kauri ko bakin basilla cikin hudarsa a tura har ya fashe daga ciki, ana rufe shi da yatsa ko ƙyalle saboda ido. In da filaya za a fasa, a kama gefensa nesa da zare, domin matse shi a kan zaren yana yanke shi. Allura in ta ƙi wucewa ta dutsen da zare ya riga ya cika, kada a tilasta, a sauya zuwa lamba 12.

Zare yana tsinkewa a wuri ɗaya sau da yawa idan akwai dutse mai kaifin baki, musamman dogayen nan masu kama da bututu. A sa ƙaramin dutse mai zagaye a kowane bakinsu. Sarƙewa kuma daga murɗewa take zuwa, sai a riƙa sakin allura tana lilo zaren ya warware kansa. A lokacin hunturu zare yana bushewa yana mannewa da komai, ƙarin kaki yana maganin haka. Man shafawa da gumi suna dusar da duwatsu masu rufin ƙarfe, a wanke hannu kafin a zauna. Bayan kowane minti 30 ko 40 a ɗaga kai a kalli nesa, a jingine aikin a bango a ja baya taku uku a dube shi, domin kuskuren alkibla daga nesa ake ganinsa.

Rufe baya da ratayewa

In hoton bango ne, a yanki kwali mai tauri marar asid daidai girman aikin, a naɗe rarar ƙyallen ta bayansa, a ɗaure gefe da gefe da zare mai ƙarfi ana kai da komo, sama da ƙasa sannan dama da hagu, har ya miƙe ba tare da layuka sun buɗe ba. Gam a bayan aikin gaba ɗaya ba shi da kyau, yana tauri, yana canza launi da shekaru, kuma ya hana gyara. In za a sa gilashi a firam, a sa 'yar tazara ta milimita 5 ko fiye kada ya taɓa duwatsun, domin danshin damina yana taruwa a wurin da suka haɗu.

In kuma abin sakawa ne ko na riƙewa, a yanke rarar a bar milimita 2, ana duba baya kada almakashi ya ci zare. A manna fata mai laushi a baya da gam kaɗan a tsakiya, a bar milimita 5 na gefe ba gam don allura ta wuce. Sai a bi gefen: a ɗebi dutse ɗaya, a soka ta fata da ƙyalle tare, a dawo ta cikin dutsen daga ƙasa zuwa sama, a ɗebi na gaba, har a zagayo a haɗa da na farko.

A rataye shi inda rana ba ta bugunsa kai tsaye, ba kuma bangon da ke tsattsafo ba. Ƙura a share ta da burushi mai laushi a bushe. A bayan kwalin a rubuta da fensir sunan mai aiki, shekara, irin duwatsu da zaren da aka yi amfani da su, da jimlar nan da aka fara da ita, sannan a manna ƙaramar leda mai ɗauke da duwatsu goma-goma na kowane launi saboda gyaran gaba.